Kebbi: Yadda ake gina magudana da magangarar ruwa domin tafkin kifi

Masu kiwon kifi a Birnin Kebbi da Argungu na fama da matsaloli biyu da ke tsananta a lokacin bazara: ƙasa na shanye ruwan da suka kashe kuɗi suka jawo, sannan ruwan da ya rage a tafki kan rasa iskar da kifi ke shaƙa.

Wata hanya ta rage matsalolin biyu a lokaci guda ita ce gina gajeriyar magudana wadda aka yi wa shimfiɗa, a sa ruwa ya bi ta cikinta yana gangarowa hawa-hawa kafin ya zuba a tafki.

A ƙasashen Turai da Amurka galibi don ado ake yin irin wannan gini a lambun gida. A kwarin Rima kuwa, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, batu ne na ko kifi ya kwana da rai ko a wayi gari yana yawo a saman ruwa ciki sama.

Daga gulbi zuwa tafki

Kabawa dai ba baƙi ba ne a harkar kifi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2016. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya a Matan Fada nauyinsa ya kai kilo 78.

To sai dai gulbin da ke ciyar da masuntan ya sauya. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan kogin Rima kuma a cikin shekarun 1980, kuma tun daga nan yawan ruwan da ke malala a fadama ya koma hannun masu buɗe ƙofofin madatsun, ba damina kaɗai ba.

Wani bincike da masanin Birtaniya William Adams ya wallafa a 1985 ya nuna cewa madatsar Bakolori ta rage faɗin ambaliyar da ake samu a ƙasanta, abin da ya shafi noman shinkafa da kuma kamun kifi.

A ɗaya gefen kuma buƙatar kifi ƙaruwa take yi. Hukumomin Najeriya sun sha bayyana cewa ƙasar na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa ya gaza wannan adadi nesa ba kusa ba.

Wannan giɓi ne ya sa malaman makaranta da 'yan fansho da matasa suka shiga kiwon tarwaɗa, wasu a bayan gida, wasu a lambu. Yawancinsu kuma ba a bakin gulbi suke ba, a kan tudu suke, inda ƙasar rairayi ce.

Tudu da fadama ba ɗaya ba ne

Abu na farko da ya kamata mai niyyar gini ya tantance shi ne irin ƙasar da yake tsaye a kai, domin ba ko'ina ne ake buƙatar shimfiɗa ba.

Ƙasar fadama a wurare da dama tana da laka da yumɓu, wanda idan aka jiƙa shi aka daddaɓe yakan riƙe ruwa da kansa. Ƙasar tudun da garuruwan biyu ke kai kuwa ruwa wucewa yake yi ta cikinta kamar an zuba a rariya.

Akwai gwaji mai sauƙi da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke koya wa masu kiwon kifi. A ɗebi ƙasa mai danshi a dunƙule ta, a wurga sama a cafe. Idan dunƙulen ya wargaje, yashi ya yi yawa. Idan ya tsaya, akwai alamar yumɓu.

Daga nan sai a haƙa rami da ya kai ƙugu, a cika shi da ruwa da safe. Da yamma a sake cikawa, a rufe bakinsa da itace da ganye. Idan aka wayi gari yawancin ruwan na nan, ƙasar za ta iya riƙe tafki. Idan ya tafi, to babu makawa sai an yi shimfiɗa.

Akwai wani abin lura a nan da mutane da yawa ba sa tunawa da shi. A cikin fadama ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, kuma da damina yakan taso. Idan aka shimfiɗa leda a ramin da ke irin wannan wuri, ruwan da ke ƙasa zai tura ta sama, ta kumburo a tsakiyar tafki kamar bayan dorina. Kenan ledar da ke ceton mai tudu tana iya zame wa mai fadama wahala.

Kuma duk wanda ya ga abin da ambaliyar 2010 da ta 2020 suka yi wa gonakin shinkafa a jihar Kebbi ya san cewa tafkin da aka haƙa a hanyar ruwa, kifinsa na gulbi ne, aro kawai aka bai wa mai shi.

Me ya sa ruwa ke buƙatar faɗowa?

Kifi na shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa ne, kuma ruwa ba ya riƙe ta da yawa. A zafin digiri 20 lita ɗaya ta ruwa na iya ɗaukar kimanin miligiram 9. Idan zafin ya kai digiri 30 sai ya sauko zuwa kimanin 7.5, a digiri 35 kuma kusan 7.

Matsalar ita ce a daidai lokacin da ruwan ke rage riƙon iska, jikin kifi kuma ƙara buƙatarta yake yi, haka ma ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashin kifi da ragowar abinci a ƙasan tafki.

Da rana gansakukar da ke sa ruwa ya yi kore tana samar da iskar. Da rana ta faɗi sai ta daina, ta koma tana shaƙa tare da kifin. Saboda haka iskar takan yi ta raguwa tsawon dare, ta kai maƙura wajen asuba. Abin da ya sa ke nan yawancin mutuwar kifi ta farat ɗaya da sassafe ake tarar da ita. Haka kuma takan faru a watan Agusta idan hadari ya rufe rana kwana biyu ko uku a jere.

Tarwaɗa na da wata baiwa: tana da wata gaɓa a bayan kai da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe sauran kifaye. Amma jurewa daban, girma daban. Tarwaɗar da ke zaune cikin ruwa maras iska ba ta cin abinci sosai, kuma cuta na saurin kama ta. Karfasa kuwa ba ta da wannan gata, ita ce ake fara gani ta taru a saman ruwa tana buɗe baki.

Ruwan rijiyar burtsatse, wanda mafi yawan masu tafki a cikin gari ke amfani da shi, yakan fito garai-garai, amma iskar da ke cikinsa kaɗan ce, tun da daga ƙarƙashin ƙasa yake. A wasu wurare yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda ke barin jan tabo a jikin tanki. Idan aka zura mesa kai tsaye cikin tafki, duk wannan tare yake shiga.

Amma idan ruwan ya bazu ya yi siriri a kan dutse, ya faɗo, ya tarwatse, ya yi kumfa, to kowane ɗigo ya haɗu da iska. Oksijin ya shiga, gurɓatacciyar iska ta fita, ƙarfen kuma ya daskare ya kwanta a cikin magudana maimakon a matsatsin kifi. Gidajen ruwa na birane da dama suna da irin waɗannan matakala don wannan dalili.

Dabarar ba sabuwa ba ce a duniyar Musulmi. A gidajen shan ruwa na sadaka da ke tsohon birnin Alƙahira akan sa ruwa ya gangaro a kan allon marmara mai zane, wanda ake kira salsabil, domin ya yi sanyi kafin a sha. A lambun Shalimar na birnin Lahore, wanda Sarki Shah Jahan ya gina a farkon shekarun 1640, ruwa na sauka daga hawa zuwa hawa a kan irin wannan allo. A Garnaɗa ta Andalus kuma har yau akwai wata matakala a lambun sarakunan Banu Nasr da ruwa ke gudu a kan katangunta na gefe.

Zaɓen shimfiɗa

Abubuwa uku ne a gaban mai gini: yumɓu, siminti ko leda.

Yumɓu shi ne mafi araha ga wanda ke kusa da fadama. Akan shimfiɗa shi da kauri, a jiƙa, a tattake da ƙafa har ya zama kamar tuwo. Aibinsa shi ne ba ya son bushewa, da zarar rana ta buge shi sai ya tsattsage, kuma ruwa mai gudu na zaizaye shi. Ya fi dacewa da ƙasan tafki, ba magudanar da ake kashewa ana kunnawa ba.

Siminti na daɗewa, amma idan ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zauna sai ya tsage, tsagar da ido ba ya gani kuma ta isa ta zubar da ruwa mai yawa. Bugu da ƙari sabon siminti na fitar da sinadari mai kaifi da ke ƙona fatar kifi. Dole a jiƙa shi a riƙa sauya ruwan na tsawon makonni biyu ko fiye kafin a bari ya haɗu da tafkin da ke da kifi.

Leda ita ce ta fi sauƙin aiki, amma a nan ne aka fi yin kuskure. Siririyar baƙar ledar da ake shanya shinkafa ko rufe buhuna ba ta wannan aiki ba ce, rana na busar da ita ta kakkarye cikin 'yan watanni. Abin da ake nema shi ne tamfol mai kauri irin na tafkin kifi, ko kuma ledar da ake kira HDPE mai kaurin rabin milimita zuwa milimita ɗaya. Ita HDPE tana da tauri, ba ta son lanƙwasa, don haka magudanar da za a yi da ita gara ta zama miƙaƙƙiya.

Wajen awo kada a yi ƙoro. Alal misali, magudanar da faɗin ƙasanta santimita 40 ne, zurfinta 25, tana buƙatar 40, da 25 sau biyu na gefuna, da kuma rarar 30 a kowane ɓangare, wato faɗin mita ɗaya da rabi ke nan. Idan tsawonta mita 6 ne kuma tana da matakala uku, to a sayi mita 8. Ragowar leda ana iya yanke ta, amma wadda ta gaza ba a miƙa ta.

Aikin ginin

Ƙasar Birnin Kebbi da Argungu galibi shimfiɗaɗɗiya ce, babu irin duwatsun da suka ba da Gurara a jihar Neja ko Matsirga a kusa da Kafanchan. Don haka tudun da ruwa zai gangaro daga kai sai an tara shi, kuma ƙasar da aka fitar daga ramin tafki ita ce kayan aikin.

A nan ne gaggawa ke cutar da mutane. Ƙasar da aka jibge da shebur a rana ɗaya cike take da iska, kuma za ta zauna da ruwan farko na damina. Yadda ya kamata shi ne a zuba kamar kaurin tafin hannu, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wani, kamar yadda mata ke daɓen ɗaki. Wanda ke da hali ya tara tudun kafin damina, ya bar shi ya sha ruwa, ya yi ginin da kaka.

Tudun ba ya buƙatar tsawo. Santimita 60 zuwa mita ɗaya ya wadatar. Matakala uku ko huɗu masu tsayin santimita 15 zuwa 30 kowace sun fi faɗuwa guda mai tsawo amfani, domin a kowane hawa ruwan na sake tarwatsewa, kuma iska ba ta kwashe shi zuwa waje.

Daga bakin tafki ake fara haƙa a yi sama. Tsakanin matakala da matakala ƙasan magudana ya ɗan karkata kaɗan, kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita. Wasu kan bar ɗan kwari a bayan kowace matakala yadda ko an kashe famfo ruwa zai saura a ciki.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne daidaiton gefuna. Gefen dama da na hagu su zama a kan tsayi ɗaya, kuma dukkansu su ɗara saman ruwa da aƙalla santimita 10. Ido ba ya iya wannan awo. Siririyar mesa mai garai-garai da birkiloli ke cika wa ruwa su auna tsayin gini ita ce ta dace, kuma kowane birkila ya san ta. Yawancin abin da ake kira hujewar leda ba huji ba ne, gefe ɗaya ne ya zauna ruwa yana tsallakewa ta bayan dutse ba a gani.

Kafin a shimfiɗa leda a bi ramin da hannu, a tsince tsakuwa da fasassun kwalba da saiwoyi, musamman ƙayar bagaruwa da ta aduwa. Sannan a zuba lallausan yashi mai kaurin yatsa uku, a gefuna kuma inda yashi ba ya tsayawa a sa tsofaffin buhuna ko tabarmar roba. Tabarmar kaba ko buhun algarara ba su dace ba, domin gara za ta bi su.

An fi son leda guda ɗaya tun daga sama har ƙasa. Idan tilas sai an haɗa biyu, to a yi haɗin a daidai wata matakala, ta sama ta hau kan ta ƙasa da aƙalla santimita 30, kamar yadda ake jera kwanon rufi. Haka ma a bakin tafki, ledar magudana ce za ta sauko ta rufe ta tafkin. Idan aka juya, ruwa zai bi ta tsakaninsu ya shige ƙasa.

Kada a ja ledar ta yi tsam. A bar ta ta kwanta a kowane lungu, a ninke rarar zuwa ɓangaren da ruwa ke tafiya. Da hantsi aka fi jin daɗin wannan aiki, lokacin da rana ta ɗan tausasa ta amma ba ta yi zafin da zai hana taɓawa ba.

A bakin kowace matakala a ɗora faffaɗan dutse ko bulo, a sa guntun leda a ƙarƙashinsa, ya ɗan leƙo gaba kamar indararo. Sai a toshe ƙasansa da gefunansa da kwaɓin siminti, in ba haka ba ruwa zai bi ta ƙarƙashin dutsen, a ji ƙararsa ba a gan shi ba.

Daga ƙarshe a rufe ledar baki ɗaya da tsakuwar gulbi mai santsi wadda aka wanke, gefuna kuma a binne su. Babban maƙiyin leda a wannan yanki rana ce, na biyu kofaton akuya.

Akwai wata ɓarna kuma ta ɓoye. Duk inda ƙasar waje ko bakin buhu ko saiwar ciyawa ta taɓa ruwan magudana, za ta riƙa tsotsarsa kamar lagwanin fitila, dare da rana. Shi ya sa ake ɗaga bakin ledar ya tsaya a tsaye tsakanin dutsen ciki da ƙasar waje, kafin a lanƙwasa shi a binne. Wannan ɗagawa ce kuma ke hana ruwan sama kwaso taɓo da maganin feshi daga gona zuwa cikin tafki.

Famfo da abin da zai ci

Akan auna girman famfo ne da faɗin bakin magangara. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce kimanin lita 1,500 a awa ga kowane santimita 10 na faɗi. Bakin da ya kai santimita 30 ke nan zai buƙaci lita 4,500 zuwa 5,000 a awa.

Adadin da aka rubuta a jikin kwalin famfo na ruwan da yake turawa ne idan babu hawa. Da zarar an ɗaga bakin bututu sai ya ragu, haka ma idan bututun siriri ne ko yana da lanƙwasa da yawa. Wannan wani dalili ne na barin tudun a gajere.

Ɗaga lita 5,000 a awa zuwa tsayin mita ɗaya ba babban aiki ba ne, ƙaramin famfon lantarki da bai kai wat 100 ba yana iya yi. Injin ban ruwa mai amfani da fetur, irin wanda ya bazu a fadamun Kebbi tun shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya kori jigo, ya yi wa wannan aiki girma ƙwarai. Kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kwana da inji a kunne ya zama abin da ribar kifi ba za ta ɗauka ba.

Hakan ta sa hankali ya koma kan famfo mai aiki da hasken rana. To amma a nan akwai tarko. Famfon sola na aiki ne da tsakar rana, lokacin da gansakuka ta riga ta cika tafki da iska, ya kuma tsaya da dare, lokacin da ake neman sa ruwa a jallo.

Wasu kan ce a cika tankin sama da rana a sake shi da asuba. Lissafi bai goyi bayan haka sosai ba: tanki mai cin lita 1,000 minti 12 kacal zai yi idan ana zubar da lita 5,000 a awa. Yana da amfani wajen agajin gaggawa, amma ba zai raka kifi tsawon dare ba.

Batir ya fi. Famfo mai cin wat 60 idan ya yi awa goma ya ci wat-awa 600 ke nan, kimanin rabin abin da batir mai bolt 12 da amfiya 100 ke ɗauka, kuma rabin ne dama ake so a riƙa ci idan ana son batirin ya daɗe. Wanda batirinsa bai kai haka ba, ya ware awannin da ke tsakanin tsakar dare da fitowar rana.

A ajiye famfon a can ɗaya ƙarshen tafkin, nesa da inda ruwa ke zubowa, domin ruwan ya zagaya ko'ina. A ɗora shi a kan bulo kada ya tsotsi dagwalon ƙasa, a kuma kewaye bakinsa da raga saboda ƙananan kifi. Idan wutar gida ce za a jawo, aikin na mai gyaran wuta ne, kuma a sa na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta zuba cikin ruwa. Haɗin waya da leda a bakin tafki ya isa ya kashe mutum.

Abin da magangara ba ta yi

Kada mai kiwo ya ɗauka cewa da ya gina magangara ya rabu da sauya ruwa. Kifi na fitar da sinadarin amoniya, kuma faɗuwar ruwa ba ta kawar da shi. Gaskiya ne tsakuwar magudana kan zama gidan wasu ƙwayoyin halitta da ke sarrafa shi, amma sai bayan makonni huɗu zuwa shida suke kafuwa, kuma idan tsakuwar ta bushe sun mutu. Tankin da aka cunkusa ɗaruruwan tarwaɗa ya fi ƙarfin magudana mai tsawon mita shida.

Ruwan da aka sauya kuwa taki ne, gara a kai shi ga fangalin albasa ko tumatir ko gindin mangwaro da a sake shi a lungu ya dami maƙwabta. Amma akasin haka haɗari ne: ruwan da ya fito daga gonar shinkafar da aka yi wa feshi bai kamata ya shiga tafki ba.

Magangara na sanyaya ruwa, abin so a bazara. A watannin Disamba da Janairu kuwa, lokacin da hunturu ke kaɗawa, sanyin dare na rage wa tarwaɗa cin abinci, yana kuma kashe ƙanana. A irin wannan lokaci sai a rage kunna famfo da dare, tun da ruwan sanyi dama ya fi riƙe iska. Ƙurar hunturu da ganyen dogon yaro kuma sukan toshe tsakuwa, sai an riƙa kwashewa.

Ta fuskar lafiya, sauro ba ya ƙyanƙyasa a ruwa mai gudu, na cikin tafki kuma kifi na cinye tsutsarsa. Amma idan aka bar famfo a kashe mako guda, 'yan kwarin da ke bayan matakala za su zama gidan sauro. Haka nan magudanar da ciyawa ta cika na iya tara ƙananan dodon koɗi masu yaɗa cutar tsargiya, wadda sananniya ce a garuruwan bakin gulbi. Sai kuma yara: ƙarar ruwa na jan su, leda na da santsi, kuma tafki mai zurfin mita ɗaya ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Shinge mai ƙofa na cikin kuɗin ginin.

Yoyo ne ko rana ce?

Tambayar da ta fi damun masu sabon gini ita ce: ruwa na raguwa, shin leda ce ta huje?

Ba lallai ba ne. A tsakiyar bazara rana da iska kaɗai na iya ɗauke kusan santimita ɗaya a yini. A tafki mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, santimita ɗaya lita 500 ce, wato jarka 20 masu cin lita 25. Magangara kuma na ƙara wannan asara, tun da tana baza ruwan ga iska.

Yadda ake ganewa shi ne a cika bokiti da ruwa a ajiye a cikin tafkin a kan bulo, a yi alama a jikin bokitin da kuma jikin tafkin, a kashe famfo a bar su yini da kwana. Idan sun ragu daidai, rana ce. Idan tafki ya fi raguwa, yoyon na cikin tafkin, kuma ruwan zai ci gaba da sauka har ya tsaya a daidai inda hujin yake.

Idan kuwa tafki bai nuna komai ba, sai a sake gwajin da famfo a kunne. Amma a jira ruwa ya cika magudana kafin a yi alama, domin magudana mai tsawon mita 6 da faɗin santimita 40 na riƙe fiye da lita 100 a cikinta, waɗanda ke komawa tafki duk lokacin da aka kashe. Idan a wannan karo ruwa ya ragu fiye da na bokiti, to matsalar na tsakanin famfo da bakin magangara.

Da sassafe ake bin gefen magudanar ana neman inda ƙasa ta yi danshi, kafin rana ta busar da shaidar. Sau da yawa abin da ake tararwa gefe ne da ya zauna, kuma gyaransa bai wuce a ɗaga bakin leda a cusa ƙasa a ƙarƙashi a daɓe ba. Duk wannan gwaji an fi son a gama shi cikin kwanaki ukun farko, tun ba a sayo 'ya'yan kifi an zuba ba.